Me Ya Sa Aka Ɗaga Aikin Ƙashin Baya Saboda Na'urar Hoto?

Wani matashi ya aiko da wannan tambaya: "Likita, yayana ya faɗo daga kan dabino a ƙauyenmu da ke kusa da Dutse, ƙashin bayansa ya karye. An kwantar da shi a wani asibiti, aka ce za a sa masa ƙusoshi da ƙarfe. Ranar da aka sa za a shiga tiyata sai aka ɗaga, wai na'urar da ke ɗaukar hoto a ɗakin tiyata ta samu matsala. To ai mun biya an yi masa hoto har kala biyu kafin nan, wane hoto kuma ake nema? Ƙafafunsa suna motsi, amma dattawan gida sun fara cewa a dawo da shi a kai wa mai ɗori."

Sannu ƙanena, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin dogon bayani: likitan da ya ƙi shiga aikin nan ba tare da na'urar ba ya yi daidai, kuma don Allah kada ku ɗauko shi zuwa gida. Ni ma ɗan ƙauye ne, na san yadda ake zama a zaure bayan isha'i a yanke shawara kan mara lafiya, kuma na san nauyin da ƙaramin gida yake ji in zai saɓa wa maganar manya. Shi ya sa zan yi maka bayanin yadda za ka iya maimaita shi a gaban Baffa da Kawu su gamsu.

Hotunan da kuka biya, mai yiwuwa eksire ne da siti sikan, ko kuma MRI, aikinsu daban. Sun nuna mana wace gaɓa ce ta karye, yadda ta farfashe, da ko wani ɓangare nata ya tura zuwa wajen laka. Da su ake tsara aikin, a auna faɗin hanya, a zaɓi kauri da tsawon ƙusa. Amma an ɗauke su ne yana kwance rigingine, kwanaki kafin aiki. A tiyata kuwa rub da ciki ake kwantar da shi, a sa matasai a ƙarƙashin ƙirji da ƙugu, bayan ya lanƙwasa wata siffa daban, karyayyen wurin ma ya ɗan motsa. Sannan babu wani hoton jiya da zai gaya mini inda bakin ƙarfen da ke hannuna ya kai a wannan daƙiƙar. Wannan sai hoton da aka ɗauka a lokacin.

Ƙashin bayan mutum gaɓoɓi ne a jere, ɗaya kan ɗaya: 7 a wuya, 12 a ƙirji inda haƙarƙari suke kamawa, 5 a ƙugu, sai na ƙasa da suka manne da juna suka zama ƙashi guda, da ɗan guntun wutsiya. Wanda ya faɗo daga sama, ko daga dabino ko giginya ko kan motar kaya, galibi inda ƙirji ya haɗu da ƙugu yake karyewa, wato gaɓa ta 12 ta ƙirji ko ta farko ta ƙugu. Dalili shi ne daga nan sama haƙarƙari sun ɗaure bayan ba ya motsi sosai, daga nan ƙasa kuma yana lanƙwasa, sai ƙarfin faɗuwar ya tattaru a mahaɗar. Kuma daidai wajen ne laka take ƙarewa a jikin babba, tsakanin gaɓa ta 1 da ta 2 ta ƙugu. Daga nan ƙasa jijiyoyi ne suke sauka a tare kamar gashin wutsiyar doki, su ne masu kai saƙo ƙafafu, mafitsara, dubura da gaba.

Kowace gaɓa tana da dunƙulallen jiki ta gaba, wanda yake ɗaukar nauyi, da kuma zobe ta baya wanda laka take bi ta cikinsa. Abin da ya haɗa jikin da zoben wasu gajerun ginshiƙai ne guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A tiyata muna ce musu fedikul, amma a nan zan kira su wuyan gaɓa. Ta cikin wannan wuyan ake murɗa ƙusar, daga baya ta ratsa ta shiga jikin gaɓar, domin nan ne ƙashin ya fi riƙo. Ba irin ƙusar kafinta ba ce da ake bugawa da guduma, mai zare ce, murɗa ta ake yi, kuma yawanci da ƙarfen taitaniyom ake ƙera ta. Kanta yana da baki kamar cokali mai yatsa biyu inda sandar ƙarfe take zama. In an sa ƙusoshi a gaɓoɓin sama da na ƙasa da karayar, aka haɗa su da sanduna biyu, sai su ɗauke wa karyayyar gaɓar nauyi har ta warke. Wani likitan Faransa mai suna Raymond Roy-Camille yana cikin waɗanda suka fara wannan hanya a shekarun 1960, yau kuma ita ce aka fi bi a duniya.

Ka ɗauki karan dawa busasshe. Bayansa akwai ɓawo mai tauri, cikinsa totuwa mai laushi. Ka ce za ka tura fensir ta cikin totuwar daga wannan baki zuwa wancan ba tare da ka tsaga ɓawon ba, alhali karan yana binne a ƙasa, bakinsa kawai kake gani. Haka wuyan gaɓa yake. A tsakiyar ƙirji faɗinsa wani lokaci ba ya wuce milimita 4 ko 5. A mahaɗar ƙirji da ƙugu yakan kai kusan kaurin fensir, a gaɓar ƙugu ta ƙarshe kuma yakan yi faɗi har milimita 15 ko fiye. Ƙusar da za a sa a inda yayanka ya karye kaurinta yakan zama tsakanin milimita 5 zuwa 6 da rabi, tsawonta kamar 40 zuwa 45. Ka ga sararin da ya rage a kowane gefe bai kai ƙwayar gero biyu ba. Kuma wuyan ba a miƙe sak yake ba, ya ɗan karkata zuwa tsakiya, a ƙugu karkatar tana ƙaruwa in ana gangarawa ƙasa, ta wani mutum ma ba ta zama daidai da ta wani.

In ƙusa ta fasa bangon ciki, ta leƙa ramin laka ke nan. In ta fasa ta ƙasa, akwai jijiyar da take fita ta ƙarƙashin wuyan kowace gaɓar ƙugu ta sauka ƙafa, tana manne da ƙashin, taɓa ta kaɗan yakan sa mutum ya farka da zogi kamar an zuba masa garwashi daga cinya zuwa ɗan yatsa, ko ƙafar ta kasa ɗagowa. In ta kauce waje, riƙonta ya ragu, a ƙirji kuma huhu yana kusa. In ta yi tsawo ta huda gaba, babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya tana kwance jikin ƙashin bayan, ta ɗan fi karkata hagu. Duk waɗannan ba abin da ido yake gani. In na yanka fata na ture tsoka gefe, bayan ƙashin kawai nake gani, kamar wanda yake tsaye a bayan ɗaki yana kallon katanga.

Na'urar da ake jira, ma'aikata suna ce mata si-am saboda siffarta kamar harafin C take, ni dai nakan ce wa mutanen ƙauye kamar baka ce babba a kan tayoyi. A baki ɗaya akwai abin da ke fitar da hasken eksire, irin wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, a ɗaya bakin akwai abin da ke karɓa. Ana turo ta ta rungumi gadon tiyata, mara lafiya yana tsakiya, a lulluɓe ta da leda mai tsabta. Likita ya ce a ɗauka, mai hoto ya danna, nan take hoton ya fito a allo. Tana juyawa, don haka ana iya ɗauka daga sama zuwa ƙasa, a kuma kwantar da ita a ɗauka daga gefe.

Aikinta na farko ma tun ba a kai ga ƙusa ba: tabbatar da cewa gaɓar da aka buɗe ita ce wadda ake nufi. Mutane suna mamaki in na faɗi haka, amma gaɓoɓin nan suna kama da juna ƙwarai in an buɗe, ba wadda aka rubuta wa lamba. Sai a sa allura ko a maƙale wani ƙarfe a ƙashin, a ɗauki hoto, a ƙirga daga ƙasa zuwa sama ko daga haƙarƙari na ƙarshe zuwa ƙasa. Akwai mutanen da Allah ya halitta da gaɓoɓin ƙugu 6 maimakon 5, wasu 4, wasu haƙarƙarinsu na ƙarshe gajere ne har ba ya fita sosai a hoto. Wanda ya ƙirga da yatsa kawai zai iya ɗaure lafiyayyar gaɓa ya bar karyayyar.

Bayan haka sai a daidaita na'urar. Wannan mataki ne da ba na yarda a yi masa garaje, ko da mai sa barci yana duban agogo. In aka ɗauki gaɓa daga baya sak, wuyoyin nan biyu suna fitowa kamar idanu biyu zagayayyu, ƙashin tsakiya kuma kamar baki, shi ya sa malamanmu suke kwatanta hoton da fuskar mujiya. Dole bakin ya zauna tsakiyar idanun daidai, layin saman gaɓar kuma ya fito siriri guda ɗaya ba biyu ba. In ido ɗaya ya fi kusa da baki, to na'urar a karkace take, ko mara lafiyar ne ya ɗan juya, kuma duk abin da hoton zai nuna bayan nan ba gaskiya ba ne. Kowace gaɓa sai an sake daidaita mata, domin bayan mutum ba a miƙe yake ba.

Hoton eksire inuwa ce. Ka tsaya da hantsi ka riƙe sanda a gaban tulu ba tare da ta taɓa shi ba, a inuwa za ka ga kamar sandar ta shige cikin tulun. Sai ka zagaya ka duba ta gefe kafin ka san akwai tazara a tsakaninsu. Saboda haka hoto ɗaya ba ya isa, dole biyu, kuma a karanta su tare. Ana fara shiga daga gefen waje na idon mujiyar. Ana turawa a hankali, ana duba hoton baya da na gefe. Ƙa'idar da muke riƙewa ita ce: muddin hoton gefe ya nuna bakin ƙarfen yana cikin wuya bai kai jikin gaɓar ba, to a hoton baya bai kamata ya kai gefen ciki na idon ba. In ya kai ko ya wuce, ya doshi ramin laka, sai a ja baya a gyara hanya. In ya riga ya shiga jikin gaɓar, yana iya wuce idon ba laifi, amma kada bakin ƙusa ya tsallaka tsakiyar gaɓar, kuma a hoton gefe kada ya kai bangon gaba.

Ba na so ka ɗauka na'urar ce take yin aikin. Hannu yana da nasa rabo babba. Da wani ƙarfe mai ɗan lanƙwasa ake buɗe hanyar, kuma yadda yake nutsewa a totuwar ƙashi yana da wani irin ji, kamar ka tura tsinke cikin dafaffen rogo. In ya yi tauri farat ɗaya, ka ci karo da bango. In ya zurma ba tirjiya, ka fita waje. Bayan an buɗe sai a zura wata siririyar waya mai ɗan ƙwallo a baki, a shafa bangon ciki, na waje, na sama, na ƙasa, sannan a taɓa ƙasan ramin. Wurare biyar, kowanne sai an ji ƙashi. In wayar ta faɗa wani wuri mai laushi, an samu ɓaraka. Sai hannu ya ce lafiya, hoto ma ya ce lafiya, sannan ake murɗa ƙusa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani manomi ne daga wajen Ringim, amalanke ta danne shi, muna sa masa ƙusoshi takwas. Bakwai sun shiga lafiya. Ta takwas, ta hagu a sama, na buɗe hanya, na shafa da waya, ban ji komai ba, na murɗa, ta kama ƙam. Da aka kwantar da na'urar hoton gefe ya yi kyau. Aka ɗago ta aka ɗauki na baya, sai na ga kanta ya fi na 'yar'uwarta ta dama matsowa waje, bakinta kuma ya kusa taɓa layin tsakiya. Mai hoton, wani yaro mai natsuwa, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, a sake ɗauka?" Na ce a sake. Haka ta sake fitowa. Na kwance ta, na mayar da wayar, a wannan karon can ciki ta ɓangaren laka na ji ɗan wurin da ya tsage, zaren ƙusar ne ya ci bangon lokacin murɗawa. Muka sake hanya, muka sa wata. Duka bai ɗauki minti goma ba. Washegari da safe na tarar da shi yana motsa yatsun ƙafarsa duka goma, matarsa tana ba shi kunu da cokali. Ba don hoton nan ba da na rufe shi ina ganin komai daidai, sai bayan ya farka mu san abin da ya faru, a sake sa shi barci a sake buɗewa.

Duk da haka si-am tana da iyaka. Tana nuna baya da gefe, amma ba ta nuna gaɓar a yanke kamar yadda ake yanka rake a kalli bakinsa, alhali ta wannan fuskar ce ake ganin bangon ciki sosai. Mai ƙiba, ko tsoho mai ƙashi mara ƙwari, ko saman ƙirji inda kafaɗu suke tare hanya, hotonsu yakan fito dishi-dishi. Shi ya sa in aka yi siti sikan bayan aiki ake samun wasu ƙusoshin sun ɗan leƙa waje kaɗan ba a sani ba. Ba kowace leƙawa ce matsala ba. Tun 1990 wasu likitoci biyu, Gertzbein da Robbins, suka buga binciken da aka ɗauko ma'aunin da muke amfani da shi daga ciki, ana auna fitar ƙusa da milimita bibbiyu. Wadda take cikin wuya gaba ɗaya ita ce ake so. Wadda fitarta ba ta kai milimita 2 ba, galibi ana barinta in mara lafiya ba ya kukan komai. Daga nan sama ake fara damuwa, musamman in ta ɓangaren laka ne. Kuma jikin mara lafiya ake dubawa tare da hoton, ba a sake buɗe mutum don hoto kawai alhali yana tafiya lafiya.

A ƙasashen da suke da hali akwai na'urorin da suka wuce wannan. Akwai wadda ake kira O-arm, tana zagaye mara lafiya kamar zobe, cikin ƙasa da minti ɗaya ta fito da hoton yanka-yanka irin na siti sikan tun yana kan gado. Akwai kuma wadda ake haɗawa da kwamfuta, a maƙale wata alama a ƙashi, kyamara tana bin kayan aikin likita, yana ganin inda bakin ƙarfensa yake a allo yana tafiya. Suna ƙara daidaito, ba shakka, amma suna da tsada ƙwarai kuma ba kasafai ake samunsu a asibitocinmu ba. Su ma in wani ya bangaji alamar da aka maƙale ta gusa, allon zai ci gaba da nuna komai daidai alhali ba haka ba ne. Akwai wata hanyar kuma da ba hoto ba: a taɓa kan ƙusa da ƙaramar wutar lantarki, a sa wasu allurai a tsokar ƙafa suna saurare. Ƙashi ba ya barin wuta ta wuce da sauƙi, to in 'yar wuta kaɗan ta sa tsoka ta harba, alama ce bango ya fashe. Kada ka ji wannan ka ce sai an fitar da yayanka waje. Ƙwararren likita da si-am mai lafiya da mai hoto da ya san aikinsa sun isa wannan aiki, da haka ake yi wa mutane da yawa suna tashi.

Za ka iya jin wani ya ce akwai likitocin da suke sa ƙusa da hannu kawai. Gaskiya ne, akwai waɗanda suka ƙware suna bin alamomin ƙashi da jin hannu, amma su ma a ƙarshe suna ɗaukar hoto su tabbatar da gaɓa da zaman ƙusoshi kafin su rufe. In kuma irin aikin da ba a buɗe baya ne, wanda ake huda ƙananan ƙofofi a fata a zura ƙusa, wannan sam ba ya yiwuwa sai da na'urar, domin ita ce idon gaba ɗaya. Karyayyen baya ma ya fi wuya, saboda alamomin da hannu yake bi sun riga sun gurɓata. Ni a ganina, mutumin da ƙafafunsa suke motsi, ba a kwantar da shi a tiyata a yi masa lalube cikin duhu. Abin da yake da shi a yanzu shi ne mafi tsada, kuma laka in ta lalace ba ta tohuwa kamar ƙashi.

Amma jira yana da sharaɗi, ka riƙe wannan sosai. Jiran kwana biyu ko uku ba laifi muddin jikinsa bai canja ba. Kullum safe da yamma ka ce ya motsa yatsun ƙafa, ya ɗago tafin ƙafa sama, ya danna ƙasa, ya miƙe gwiwa. Ka shafa ƙafafun biyu ka tambaye shi ko ji ɗaya ne. Ka tambaye shi, ko da kunya, ko yana jin fitsari in ya zo, ko yana iya riƙewa, ko yana jin ruwa in ana masa tsarki. In ƙafa ta fara nauyi, ko ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina ji, to maganar jira ta ƙare. Ka sami nas ko likita a wannan lokacin ko da tsakar dare ne, domin laka ko jijiyar da aka danne, saurin ɗauke mata nauyi yana da tasiri, ana so a yi cikin awa 24 in da hali. Ko ba haka ba ma, kana da haƙƙin ka tambayi likitansa cikin ladabi: yaushe ake sa ran gyara na'urar, kuma in za ta daɗe, za a iya rubuta mana takarda zuwa wani wuri? A yankinmu, Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna cikin manyan wuraren da ake tura masu irin wannan rauni. In za a tafi, a motar asibiti, a kwance a miƙe kan abu mai tauri, ba a zaune a bayan tasi ba.

Kafin nan kada a zaunar da shi, kada ya ce zai lallaɓa banɗaki. In za a juya shi, mutum uku ko huɗu, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafafu, a juya shi gaba ɗaya kamar gungumen icce, ba a murɗa shi ba. Kuma a riƙa juyawar duk bayan kamar awa biyu, a duba fatar ɗuwawu da dugadugai, domin gyambon kwanciya yana saurin kamawa da zafin nan namu, kuma gyambo kusa da inda za a yanka yana iya sake ɗaga aikin.

Maganar mai ɗori kuwa, ba na raina su, na taso ina ganin hannayen da suka ɗaure suka warke. Amma ɗori ja ne da matsawa da ɗaurewa da kara, a ƙashin da hannu yake iya kamawa ta kowane gefe. Ƙashin baya ba a kama shi haka, kuma a cikinsa akwai laka. Gutsuren ƙashin da yanzu yake tsaye kusa da ita, dannawa ɗaya ya isa ya tura shi ciki. Na karɓi mutanen da suka bar asibiti da ƙafafunsu suna motsi, aka dawo da su bayan sati biyu a tabarma, fitsari yana zuba, kuma a lokacin ba abin da ƙusa za ta iya dawowa da shi. Ka gaya wa dattawa haka da bakin da ya dace. Addu'a da tofi da rubutu duk a kawo masa har gadon asibiti, ba mai hanawa, sai dai ranar aiki kada ya sha komai in an ce ya yi azumin tiyata.

Wasu suna tsoron hasken na'urar. Abin da mara lafiya yake samu a aiki guda kaɗan ne in aka gwada da haɗarin ƙusar da ta kauce. Mu da muke tsaye kusa da ita kullum mu ne muka fi shan sa, shi ya sa muke sa rigar dalma mai nauyi da abin rufe maƙogwaro, muna ja da baya in za a danna, domin in ka ninka nisanka sau biyu hasken da ke isowa gare ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Mace dai in tana da ciki ko tana zato, ta faɗa kafin a shiga.

In Allah ya kai mu ranar aikin, ba laifi ka tambayi likita gaɓoɓi nawa za a ɗaure, ƙusa nawa, da ko za a nuna muku hoton ƙarshe. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Hoton ku adana shi tare da na farko a leda, duk ranar da za ku koma asibiti ku tafi da su, domin da su ake gwada ko wani abu ya gusa. Ƙarfen galibi ana barinsa a jiki, ba ya hana sallah ko noma bayan ƙashi ya haɗe, wanda yakan ɗauki kamar wata uku ko fiye, a farko dai zai yi sallah a kwance ko a zaune yadda likita ya ce. Maganar komawa hawan dabino kuma ku bar ta sai likitansa ya ga hoton warkewa.

Lokacin da aka fito da shi yana farfaɗowa, za ka ga likita ko nas sun yaye zanen ƙafafunsa suna kiran sunansa da ƙarfi, suna cewa ya motsa yatsu. Wannan shi ne gwajin ƙarshe na zaman ƙusoshin. Ka tsaya kusa ka kalla, kuma ka ci gaba da yi masa irinsa a daren farko. Ciwon wurin yanka dole ne, amma sabon zogi mai harbawa zuwa ƙafa ɗaya, ko ƙafar da take ɗagowa jiya yau ta ƙi, wannan ka faɗa nan take, za a yi siti sikan a duba, in wata ƙusa ce ta taɓa jijiya a gyara ta da wuri.